Mu shida ne da kyamarori, ta ina za mu kama Kano?

"Assalamu alaikum. Mu shida ne, maza huɗu mata biyu, duk muna ɗaukar hoto, wasu da kyamara wasu da waya. Mun haɗa ɗan kuɗi, wani kawuna kuma ya ba mu aron gida a Fagge na wata guda. So muke mu zauna tare mu ɗauki rayuwar Kano ta yau da kullum, ban da hawan Sallah da bukukuwa, in mun gama mu baje hotunan jama'a su gani. Ni aka ɗora wa tsara abin, ga shi ban san ta inda zan fara ba. Sau biyu muna gwada fita, mutane suna korar mu. Yaya ake yin irin wannan?"

Wa alaikumus salam, ƙanwata. Allah ya saka wa kawun nan naki, don gidan da ya ba ku shi ne abin da ya fi wuyar samu a irin wannan shiri. In na fahimce ki, tambaya biyu kika ƙulle wuri ɗaya: yadda mutum shida za su yi aiki guda ba tare da kowa ya kama gabansa ba, da yadda za a yi gari ya yarda a ɗauke shi. Na yi irin wannan zama sau uku, biyu a Kano ɗaya a Zariya. Na farkon ina cikin masu ɗauka ne kawai, na bayan biyu ni na ja ragama. Daga nan abin da zan faɗa miki ya fito, har da inda muka yi ɓarna.

Mu zaman aiki muke ce masa. Wani abokina ci-ranin hoto yake kiransa, kuma ina ganin ya fi mu iya suna: mutum ya ajiye harkokinsa, ya tare a wuri ɗaya na ɗan lokaci, ya yi aiki, ya koma da abin da ya samu. Abin yana da tushe a nahiyar nan. A 1989 mai hoto David Goldblatt ya buɗe makarantar koyon hoto ta Market Photo Workshop a Johannesburg, don waɗanda mulkin wariyar launin fata ya toshe wa hanya su koyi ɗaukar unguwanninsu da hannunsu. A 1994 aka fara babban taron masu hoto na Bamako, kuma bayan na 2001 ne wasu matasan Legas, cikinsu da Uche James-Iroha da Kelechi Amadi-Obi, suka kafa ƙungiyar Depth of Field. Tsarinsu ba shi da wahalar faɗa: a tsayar da abu guda, kowa ya fita ya ɗauko, a haɗu a baje, a soki aikin juna. Emeka Okereke, wanda ya taso a cikinsu, shi ya kafa ƙungiyar Invisible Borders a 2009, suka cika mota daga Legas har Bamako suna ɗauka a hanya. A nan kusa kuma, Fati Abubakar ta fara shafin hotuna na Bits of Borno a 2015, tana nuna 'yan makaranta da 'yan kasuwar Maiduguri a lokacin da duniya ba ta jin labarin garin sai in bam ya tashi.

Kun yi dabara da kuka cire hawan Sallah. Hawan Daushe ba ya rasa masu ɗauka, wata shekarar kamar kyamarori su fi dawakai yawa a Ƙofar Kudu. Abin da ke salwanta ba a ɗauka ba shi ne wanda ido ya saba da shi. Ki tuna 'yan acaɓa. Kafin Janairun 2013, lokacin da gwamnatin jiha ta hana haya da babur bayan harin da aka kai wa ayarin marigayi Sarki Ado Bayero, ba mahaɗar da za ki tsaya a Kano ba ki ga tarinsu ba, da hayaƙinsu da ham ɗinsu. Aka wayi gari babu su, adaidaita sahu ta cike gurbin. Ina da kyamara a duk waɗannan shekarun. Na binciki ma'ajiyata kaf, hoto uku na samu da ɗan acaɓa a ciki, su ma kutsowa ya yi ta gefe ina ɗaukar wani abu daban. Haka masu lemar kiran waya da suka cika bakin titi bayan zuwan salula a 2001, haka rumfunan kasuwar Sabon Gari kafin gobarar 2016.

Ku rage garin

A zamanmu na farko mu bakwai muka raba Kano kamar gado: kai Kurmi, ke Kantin Kwari, wane Dawanau, wane 'Yan Kaba. Bayan mako guda muka baje abin da muka samo. Kowa ya ɓulla ta marinar Ƙofar Mata. Kowa ya hau Dala da yamma ya ɗauko rufin gidaje. Kowa yana da yaro riƙe da kwano yana murmushi. Hotuna ne masu kyau, irin na kalandar banki, kuma da za ki cakuɗa su ba wanda zai iya ware nasa. Dalili shi ne baƙo abin da ya fi ƙara yake fara ji, kuma ɗan Gwale in ya je Dawanau da kyamara shi ma baƙo ne. Birnin da ya mamaye ƙananan hukumomi takwas ba ya ɗaukuwa a wata guda.

Shawarata, ku zana iyaka wadda mai tafiya a ƙafa zai kai ƙarshenta cikin minti goma sha biyar daga ƙofar gidan, ku haramta wa kanku tsallake ta. Kun ma yi sa'ar unguwa. Fagge zangon fatake ce tun asali, a wajen ganuwa, kuma har yau jinin ciniki ne ke gudana a cikinta: ga teloli layi-layi, ga Kwari a gefenku da 'yan dakonta, ga masallacin Juma'a, ga 'yan canji a Wapa, ko da yake waɗannan na ƙarshe ban ba ku shawarar nuna musu kyamara ba, mai ƙirga kuɗi ba ya son shaida.

Sai yadda za ku raba aikin a cikin iyakar. Ana iya rabawa da wuri, kowa layinsa, amma wannan shi ke mai da ku mutum shida masu aiki shida. Ana iya rabawa da lokaci, wasu asuba zuwa hantsi, wasu azahar zuwa la'asar, wasu magariba zuwa tashin masu shayi, a riƙa juyawa. Wannan ya fi, don layi ɗaya gari uku ne a yini guda. Wanda ya fi yi mana amfani kuwa shi ne bin abu ɗaya duk inda ya shiga. A zama na biyu ruwa muka bi. Muka fara daga rijiyar burtsatse da ake sayar da ruwa, inda 'yan garuwa ke jera kurarsu tun kafin kiran assalatu. Na yi kwana huɗu ina bin ɗaya daga cikinsu. Jarka goma sha biyu yake ɗorawa, ya toshe bakin waɗanda murfinsu ya ɓata da leda, ya naɗe tsumma a mariƙin kura don kada hannunsa ya yi kanta. In ya zo gangaren kwalbati sai ya juya baya ya tokare da kafaɗa, silifas ɗinsa na zamewa, ruwa na tsiyaya yana zana masa layi a ƙasa tun daga rijiya har ƙofar mai saye. Wannan layin na ruwa shi ya zama hoton farko a baje kolinmu. Ruwan ya kai mu teburin mai shayi, ya kai mu wurin mai wanki da guga, ya kai mu jeren butoci a ƙofar masallaci, ya ƙare a lambatu inda yara ke tsallake da kwanon abincin rana. Ku kuna iya bin yadi, daga dila a Kwari zuwa kan ɗan dako zuwa almakashin tela zuwa jikin mai shi ranar Juma'a.

Dalilin da ya sa ake korar ku

Ki tsaya a matsayin mai rumfa. Ga matasa shida sun tsaya masa a ka, ba sallamar kirki, ɗaya ya ɗaga baƙin ƙarfe mai dogon baki. Abin da zai fara zuwa masa shi ne jami'an haraji ne ko masu rusau. In ba su ba, to masu kai hoton talauci waje ne su karɓo kuɗi da sunansa. In ba su ba, gobe zai ga kansa a TikTok ana dariya. Wani kuma addini ne ya hana shi, yana bin malaman da ba su yarda da hoto ba, kuma ba muhawara ce ta kawo ku ba. Akwai kuma dalilin da masu hoto ba su cika lura da shi ba: a wurinmu hoto abu ne da ake yi wa wanka da kwalliya. Mutum yana cikin kayan aiki, gumi da baƙin mai, ka ce za ka ɗauke shi, kamar ka shigo masa ɗaki ne bai shirya ba.

Da ɗan gari akan ci gari. Ku fara da mai unguwa, ku biyu, da 'yar takarda mai bayanin ko ku su wane ne da inda hotunan za su ƙare. In kasuwa ce, shugabannin layi. In sana'a ce mai sarki, kamar fawa, sarkinta. Daga nan kwana uku na farko ku bar kyamarori a gida. Na san za a yi miki gardama a kan wannan, wata guda ne kacal a ce a zubar da kwana uku. Ku zubar. Ku sha shayi a tebur ɗaya kullum, ku kai ɗinki, ku yi salla a masallacin layin, a san fuskokinku. Ranar da kyamara ta fito, ku fita bibbiyu, kada ku wuce haka. Ku bar zuƙowa daga nesa, wanda aka zuƙo ya waiwayo ya gani ya san an sace shi ne. Ku matsa kusa yadda za a iya gaisawa. Wanda ya ce a'a, a gode masa a wuce. Wanda ya ce a goge, a goge yana kallo. Almajirai sai da izinin malaminsu, sauran yara sai da na iyaye. Bariki da ofishin 'yan sanda da shingen bincike da gidan yari ku kauce musu gaba ɗaya, jirgi marar matuƙi kuma sai da izinin hukuma.

Za a tambaye ku kuɗi. Ni ba na biyan kuɗin hoto, don ranar da ka biya mutum ɗaya layin duka ya zama kasuwa, kowa kuma zai fara yi maka tsayuwar da yake zaton ita kake saye. Ina sayen abin da mutum ke sayarwa, in na tsare shi daga aiki in biya shi lokacinsa, sannan in wanke hoton in kawo masa. Wannan na ƙarshe shi ne mabuɗin. Malick Sidibé, mai hoto na Bamako, wanda aka ba babbar kyautar bikin baje kolin fasaha na Venice a 2007, in ya kwana yana ɗaukar matasa a wuraren rawa sai ya wanke ya liƙa samfurin a kan kwali, su biyo shi shago su ga kansu su zaɓa. Shi ya sa ake gayyatarsa. Mu ma ranar da muka dawo da kati ashirin muka rarraba a layin, washegari masu korar mu ne ke kiran mu. Wani tela ya ce in dawo ranar Juma'a in ɗauke shi da babbar riga. Na ɗauke shi, na kai masa, bayan nan ya bar ni na yini a shagonsa yana aiki da singileti bai ko ɗaga kai ba.

Tabarmar dare

In kin manta da komai a amsar nan, kada ki manta da wannan, don shi ne bambancin zaman aiki da haya a gida ɗaya. Kowane dare bayan isha a shimfiɗa tabarma, kowa ya kawo hoto goma daga abin da ya ɗauka a yinin. Goma, ko da ɗari biyar ya ɗauka. Zaɓen goman shi ne rabin karatun.

Ku wanke su ƙanana, girman katin gaisuwa, ko da a takarda mai araha. Na gwada majigi, na gwada miƙa waya hannu zuwa hannu, ba wanda ya kama ƙafar kati. A waya hoto ɗaya ake gani, yatsa kuma yana gaggawar turawa gaba. A tabarma kina ganin sittin lokaci guda, ki ɗauki na wannan ki ajiye kusa da na wancan. Mu da duwatsu muke danne su saboda fanka. A nan ne wata rana muka ga hoton wata a cikinmu, hannun mai shayi yana ɗaga kofi sama yana tsiyayo shayi cikin wani kofin don ya huce, ya faɗo kusa da nawa na ɗan garuwa yana juye jarka a randa. Zubin ruwan iri ɗaya, lanƙwasar hannun iri ɗaya. Ba wanda ya shirya haka a cikinmu, kuma ba wanda zai gani shi kaɗai.

Dokokin tabarmar uku ne a wurina. Mai hoto ba ya magana sai an gama magana a kan hotonsa, don in ya fara ba da labarin wahalar da ya sha kafin ya samu, tausayi zai hana a faɗa masa hoton bai yi ba. Ba a cewa "ya yi kyau" a yi shiru, sai a faɗi abin da aka gani da inda ido ya fara sauka. Sannan kowane dare mutum ɗaya ne ke da yankan ƙarshe, a riƙa juyawa har kan mai waya. Wannan na ukun saboda halinmu ne. Muna da kunya da kara, ƙarami ba ya son ya ce hoton babba bai yi ba, mai waya yana jin nauyin mai kyamarar miliyan. In ba ki karya wannan tun makon farko ba, za ku gama wata kuna yaba wa juna. Game da waya kuwa, shafin Everyday Africa da Peter DiCampo da Austin Merrill suka fara a 2012 da hotunan waya ya tashi. A layin kasuwa ma mai waya ya fi mai babbar kyamara samun shiga.

Kowane hoto a rubuta masa rana da wuri da abin da mutumin ya faɗa, a daren, kafin a kwanta. A kuma kwafe komai wuri biyu. Ranar Juma'a ku gayyato mutum ɗaya ko biyu daga layin su zauna a tabarmar. Za ku sha mamakin abin da suke gani. Mai wanki ya kalli hoton da muke ta yabo ya ce ai wannan ba ranar aiki ba ce, dubi igiya babu kaya.

Hoton na wane ne

Ba a fafe gora ranar tafiya. Tun kafin ku tare, ku rubuta a takarda ɗaya kowa ya sa hannu: kowane hoto mallakar wanda ya ɗauka ne, ƙungiya tana da damar nuna shi a baje koli da shafinta da sunan mai shi, ba wanda zai sa komai a Instagram sai an gama, in an sayar ga yadda za a raba, ga kuma kason wanda ke cikin hoton. Zumunci da yawa ya mutu a kan hoto ɗaya da wata jarida ta saya.

Ɓarnar da na ce zan faɗa miki a nan take. A baje kolinmu na biyu mun rataye hoton teburin mai shayi, gwangwanayen madara an jera su kamar dala, burodi a gefe, da littafinsa a buɗe. Littafin bashi ne. A ƙaramin kati ba a ganin rubutun, da muka wanke shi babba sai ga sunayen mutanen layin da abin da ake bin kowa, ɗaya ma limamin masallacin ne. Mai shayin ya yarda a ɗauki teburinsa, amma ba wanda ya nuna masa hoton kafin a rataye. Kafin azahar muka sauke, sai dai magana ta riga ta zaga, ya yi kwanaki yana ba mutane haƙuri a kan laifin da mu muka yi. Tun daga ranar ba na rataye hoton kowa sai ya gan shi a girman da za a rataye shi.

Kuna iya wuce neman izini ma, ku miƙa kyamarar. A farkon shekarun 1990 wasu masu bincike, Caroline Wang da Mary Ann Burris, sun ba matan ƙauyuka a lardin Yunnan na ƙasar Sin kyamarori su ɗauki rayuwarsu, aka kai hotunan gaban masu tsara manufofin lafiya. Ku ware tsohuwar waya ɗaya ku ba yaron tela ko ɗan dako ya kwana biyu da ita, hotunansa su hau tabarma da sunansa kamar na kowa.

Inda ƙafata ba ta kai ba

Duk abin da na faɗa miki aikin titi ne da kasuwa, don ni namiji ne, iyakata zaure. Rabin Kano kuwa yana bayan zaure: masu ƙuli-ƙuli da alkaki, masu kitso da lalle, masu ɗinkin hula, dillalai, uwar adashi, duk abincin da yara ke fitowa da shi talla. Ke da 'yar'uwarki ku ne za ku iya shiga, kuma ina ganin a nan aikinku zai bambanta da na kowa. Abin da zan iya ba ki aro ne daga abokiyar aikina da ta yi mana wannan ɓangaren. Takan nemi yardar matar da ta maigidan. Takan raba hotunan gida biyu tun a wurin, na gida wanda za a wanke a ba su ba mai gani, da na waje wanda suka amince a nuna. Na wajen yawanci hannuwa ne da kayan aiki da inuwa a bango, kuma sun fi fuskokin da muka ɗauko a titi magana. Yadda ake zama da matan gida har su saki jiki, wannan ku za ku koya mini.

Watan kuma ku raba shi haka: kwana uku na gaisuwa, kamar mako biyu da rabi na ɗauka, sauran na zaɓe da komawa wurin mutane da rataya. A kuɗin da kuka haɗa, wankin hoto ya zo gaba da komai, sai abinci da cajin batir. Kada ku sayi sabuwar kyamara. Hoto talatin zuwa arba'in ya isa baje koli. Ku fara ratayewa a layin da kuka ɗauka, a igiya da maƙalen shanya, kafin ku nemi zaure a Gidan Makama ko Gidan Ɗan Hausa, don ɗan dako ba zai bar aiki ya tafi gidan tarihi kallon kansa ba.

Ki kuma duba kalanda. Hazon hunturu yana tausasa haske har tsakar rana, zafin bazara kuwa daga hantsi zuwa la'asar inuwa ce baƙa ƙirin a ƙarƙashin kowace hula. Sannan da yawa daga masu aikin ƙarfi a birni 'yan ci-rani ne, ruwan farko na sauka za su tafi gona. Ku karɓi lambar wayar duk wanda kuka ɗauka tun ranar farko. Mu a ƙarshen bazara muka yi namu, ban karɓi lambar ɗan garuwan nan ba don kullum ina ganinsa. Ranar da na zo da hotonsa babba na tarar da wani yaro a kan kurarsa, ya ce ai an yi ruwa a garinsu shekaranjiya, ya tafi shuka. Hoton yana cikin ambulan a durowata, da sunan ƙauyen da yaron ya faɗa mini a rubuce da fensir a bayansa.